Kibiyar Da Kika Zana Waje

Kazaure,
ranar Asabar da hantsi.

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki, kin kuma dace da abokan zama masu tsoron Allah. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa ki dawo mana da abin da kika je nema.

Ina wannan rubutu ne kina can ɗaki kina ɗaure kaya, ina jin ƙannenki suna damun ki da tambayar wa zai gaji katifarki. Kawunki Bello zan ba takardar, tunda shi zai kai ki jami'a. Na ce masa kada ya miƙa miki sai ya sauke kaya zai juyo, don na san halinki, kuma shi ba ya iya tuƙi ana kuka a bayansa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni sanin sa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da Abbanku ya kawo mini shekaranjiya muna cin tuwo. Ya ce kin gaya masa cewa kin karɓi karatun injiniya ne don ki faranta masa kawai, kuma da zarar zangon farko ya ƙare za ki nemi a mayar da ke wani sashe. Wai ba ki da kan Fiziks. Ya ce da ya tambaye ki wa ya faɗa miki haka, sai kika ce: "Ba wanda ya faɗa, Abba. Amma da ina da shi, ai da Umma ta taɓa cewa wani abu. Ita ta koyar da ni." Shi ya faɗi maganar ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni kuwa a nan na tsame hannuna, kuma har yanzu abinci bai koma mini da daɗi ba.

Baki ba zai iya abin da nake so in gaya miki ba, kin san yadda muke ni da ke. Saboda haka ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke wata shawara. Zan bi da ke ta kurakuraina ne, a kan darasi guda da na fi kowa tinƙaho da shi a makaranta, wato darasin abin da yake zagaye. Kina ganin kamar da saninsa aka haife ni. Ba haka ba ne.

Ina yarinya a rugarmu ta gefen Roni, idan gero ya fara ido mu ake turawa gona korar tsuntsaye. Yayyena maza kowa da majajjawarsa, ni kuwa aka ba ni gwangwani da sanda aka ce in riƙa bugawa. Raina ya ɓaci. Na sami igiya da guntun fata na haɗa tawa a ɓoye. A tunanina na lokacin, dutsen da nake wulwulawa so yake ya tsere waje, ya bi inda igiyar take nuni. Don haka na juya shi a saman kaina, na bari sai da igiyar ta miƙe tana nuna tsuntsayen sosai, sannan na saki. Dutsen bai ko kalli tsuntsu ba. Gefe ya yi, ya je ya sami ƙwaryar nonon Inna, kakarki, da ta ajiye a gindin aduwa, ya raba ta biyu. Ƙwarya ce mai zane, cikin kayan aurenta. Ba ta dake ni ba. Ta dubi nonon yana bin ƙasa, ta dube ni, ta ce: "Ke da aka ce ki buga gwangwani." Da ta dake ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ƙwaryar Inna ta koya mini shi ne, dutse ba ya neman waje. Inda ya dosa a daidai lokacin da aka sake shi, can yake miƙewa. Igiya ce take ta fizgo shi ciki, tana hana shi tafiyarsa. To ki riƙe wannan a duk tambayar da za a ba ki a can. Kafin ki taɓa kalkuleta, kafin ki rubuta ƙa'ida ko ɗaya, ki tambayi kanki: wannan abin da yake zagaye, mene ne yake jan sa zuwa tsakiya? Igiya ce, ko nauyinsa ne, ko riƙon da taya take yi wa ƙasa, ko bangon da yake jingine da shi? Kowace kibiya da za ki zana a jikin abu don nuna ƙarfin da yake jan sa ko tura shi, ki san mai ita, ki iya nuna shi da yatsa. Ba zan ce miki rayuwa ma haka take ba. Na gaji da malaman da suke mayar da kowane darasi wa'azi. Dutse nake nufi da igiya.

Kuskurena na biyu na gaggawa ne, kuma na ga alamarsa a hannunki tun kina ƙarama, shi ya sa nake jin tsoro. A kwalejin horon malamai ni ce mai saurin hannu. Ina son in riga kowa miƙa takarda in fita ana kallona, har nakan ja takalmi da gangan don a ɗago kai. A jarrabawar ƙarshe aka ba mu tambayar dutse da aka ɗaure a igiya, hannu yana sama ana juya shi, igiyar ta sauko a karkace tana shata siffar jinkar ɗaki. Ban yi zane ba, wai na wuce nan. Na ɗauki tsawon igiyar na sa shi a matsayin tazarar dutsen daga tsakiyar da'ira, tunda ai a hannu aka riƙe ta. Alhali tsakiyar da'irar ba ta hannu. Tana can ƙasa da hannun, a cikin iska, daidai tsayin dutsen, inda babu komai da ido zai gani. Daga wannan layi na farko duk abin da na rubuta tsaf yake, ba gogewa ba kartawa, kuma duk shirme ne. Na fita ina jan takalmina.

Sai da na maimaita kwas ɗin. A shekarar ce aka yaye ki aka kai ki ruga wurin Inna, da niyyar in gama in ɗauko ki. Maimaicin ya sa kika daɗe a can fiye da yadda aka shirya, har kika dawo kina ɓuya a bayan zanenta idan na shigo. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma duk lokacin da na koyar da wannan tambaya sai na tuna fuskarki a bayan zanen Inna.

Don haka ki yi zane, ko tambayar ta yi miki kama da wasan yara. Ki zana abin ta gefe, ki sake zana shi kamar kina leƙensa daga sama. Ki ɗora yatsa a kan tsakiyar da'irar kafin ki auna komai. Jan igiyar da take a karkace aiki biyu yake yi, wani kaso yana ɗauke da nauyin dutsen, wani kaso yana jan sa ciki, ki raba su kowa da layinsa. In kin sami amsa kuma kada ki tashi. Ki dube ta da idon wanda ya taɓa hawa babur. Idan lissafi ya ce miki ɗan acaɓa zai sha kwanar kasuwa da gudun jirgin sama, to ba ɗan acaɓan ne ya haukace ba, ke ce kika ɓata wani wuri. Wanda ya riga fita daga ɗakin jarrabawa ba a ƙara masa maki.

Na uku ya fi waɗannan nauyi, domin ba ni kaɗai ya shafa ba. Da aka tura ni Babura koyarwa, na tafi da tsohon littafin da na kwafa daga allon malaminmu. A cikinsa, duk inda abu yake zagaye, akwai kibiya biyu: ɗaya ciki, ɗaya waje, wai suna ture juna shi ya sa abin yake zaune a kan da'irarsa. Haka na zana wa yara shekara da shekaru. Abin kunyar shi ne hannuna ya san gaskiya tun ranar ƙwaryar Inna, amma da na tsaya a gaban allo sai na fi yarda da littafi.

Wata rana da damina na hau acaɓa za ni ta'aziyya wani ƙauye ta wajen Gwiwa. An yi ruwa, ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kan wata kwana. Mai babur ɗin yana ta zuba gudu, ni kuma na ji nauyin in ce masa ya rage, kada ya ce matar nan matsoraciya ce. Muna shiga kwanar taya ta saki ƙasa. Hanya ta karkata hagu abinta, mu kuwa muka miƙe sak, sai cikin gonar gyaɗar wani bawan Allah. Ina kwance a kan kunya, gwiwata tana jini, wallahi ba gwiwar nake tunani ba, allon Babura nake gani. Ba abin da ya tura mu waje. Abin da yake jan mu ciki ne ya ƙare.

Mai babur ya taso yana ɗingishi yana cewa: "Sannu Hajiya, sannu. Wallahi kwanar ce ta jefar da mu."

Na ce: "Kwana ba ta jefa kowa ba, malam. Mu ne muka ƙi bin ta."

Ya tsaya yana dubana, ya ce: "Hajiya, kanki ya bugu ne?"

Tabon yana nan, kin sha ganinsa. Ga abin da nake so ki ɗauka. Idan direba ya ninka gudu a kwana, riƙon da yake buƙata daga taya ba ninki biyu ba ne, huɗu ne, kuma taya ba ta san yana sauri ba. Duk motar da kika shiga, in kin ga gudu ya yi yawa, ki buɗe baki ki yi magana da ladabi, ko da sauran fasinjoji za su yi miki dariya. Har Kawunki Bello ban cire ba, ƙafarsa tana da nauyi.

Da na warke na shiga aji da ɗingishina, na zana da'ira da kibiyoyin nan biyu, na ɗauki tsumma na goge ta wajen a gabansu. Na ce musu abin da na koya musu a baya kuskure ne. Can wata yarinya daga baya ta ce: "Malama, to yayyenmu da suka riga suka fita fa?" Har yau ban san yadda zan kai musu gyaran ba. Idan kika gane kin yi kuskure a aiki, ki gyara da wuri kuma da babbar murya. Ke injiniya za ki zama in Allah Ya yarda, abin da za ki ƙera mutane ne za su hau.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye don kada in zo.

Wanda ya taɓa faɗuwa a wuri yakan wuce gona da iri wajen gudunsa. Da aka dawo da ni Kazaure, makarantar kimiyya ta 'yan mata, aka ba ni shugabancin darasin, sai na kafa doka: duk wadda ta zana kibiya tana kallon waje, sifili, ba tambaya. Na sa sauran malamai ma suka bi. Na san yara suna kirana Malama Ciki-ciki a bayan idona, kuma a raina ina jin daɗin sunan.

Amma dokar rabin gaskiya ce, kuma na sani. Wuri biyu ne mutum zai iya tsayawa ya dubi abin da yake zagaye. Zai iya tsayawa a ƙasa yana kallon mota tana shan kwana, a nan babu kibiyar waje, dokata daidai take. Zai kuma iya shiga cikin motar ya zauna. A wurin wanda yake ciki, kujera a tsaye take, jakarsa a tsaye take, kuma yana jin kamar ana matse shi da ƙofa. Shi an yarda masa ya aro kibiya guda mai kallon waje, ya haɗa ta da sauran, ya yi lissafi kamar komai a daidaice yake ba ya motsi. Sharaɗin kawai ya faɗi tun farko cewa a ciki yake zaune, kuma kada ya sauka a tsakiyar lissafi. Amsa ɗaya za su samu shi da na ƙasa. Na karanta wannan, na fahimce shi, amma na ga hana abin gaba ɗaya ya fi mini sauƙi a kan in tsaya dogon bayani ga aji mai cike da yara.

Ana cikin haka kika iso ajina. Ke 'yar fari ce, ni kuma a ruga na tashi. Inna har ta tsufa ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, ba ta yi masa dariya a gaban mutane ba, kuma ba wanda ya yi shakkar tana son sa. Da wannan tarbiyya na shiga aji. Kiran suna na safe monita na bar wa, don kada bakina ya kai kan naki. In na yi tambaya, hannunki ne yake riga na kowa tashi, a layi na biyu ta wajen taga, ina ganinsa ta gefen ido, sai in kira ta bayanki. Takardunki kuwa Malam Ado nake ba ya duba, abokin aikina, don kada a ce na yi son kai. Ina gaya wa kaina cewa kin gane, tunda a gidan kika tashi.

Sai ranar gwajin nan na aji biyar. Ni na tsara tambayar da kaina: mota tana shan kwana da gudu kaza, carbin da direba ya rataye a madubi ya karkata gefe, a nemo kusurwar da ya yi. Bayan kwana biyu ina zaune a ofishin malamai, ofis a cike, Malam Ado ya zo da takarda a hannu ya ajiye a gabana.

Ya ce: "Malama, kin ga aikin yarinyar wajenki. Ga kibiya nan ƙato tana kallon waje, amma amsa ta fito daidai. Anya ba ta leƙa ta maƙwabciyarta ba?"

Na duba. A saman shafin kin rubuta layi ɗaya da ƙananan haruffa, cewa za ki ɗauka ke fasinja ce a cikin motar, kuma a wurinki carbin a tsaye yake. Sai kika zana kibiya uku: nauyin carbin ƙasa, jan zarensa sama a karkace, da ta uku waje, har kika rubuta a gefenta cewa wannan ta aro ce, saboda motar tana juyawa. Kika daidaita su, amsa ta faɗo a layi kaɗan, yayin da sauran aji suka cika shafi. Ba wanda ya koya miki wannan. Ni na ɓoye shi, Malam Ado bai saba da shi ba, littafinku bai kawo shi ba. A bayan motar Kawunki kika zauna kina kallon carbinsa har kika gano.

Na ji kamar in tashi in ɗaga takardar in nuna wa kowa. Sai na ɗago kai na ga idanu a kaina, ana jira a ga yadda Malama Ciki-ciki za ta yi da dokarta yau da ta faɗo kan 'yarta. Na mayar masa da takardar na ce: "Ka yi abin da doka ta ce, Malam." Ya ja jan biro a kan aikin, ya rubuta sifili, ya ƙara da cewa ki daina kwafar amsa.

Da yamma ina madafa ina kaɗa miya kika zo kika tsaya a bakin ƙofa da takardar, idonki ya yi ja.

Kika ce: "Umma, don Allah ina na ɓata?"

Na ce, ban juyo ba: "Wa ya duba miki?"

"Malam Ado."

"To ki je ki tambaye shi."

Kika daɗe a tsaye, sannan na ji tafiyarki. Daga ranar hannunki bai sake tashi a ajina ba. Kika koma rubuta komai yadda na rubuta a allo, layi bisa layi, kina cin maki mai kyau, har kika ci jarrabawar fita. Mutane suna yi mini barka, ni kuwa na san abin da na kashe. Ina kallon takardunki a hannun Malam Ado ina neman irin wancan ƙaramin layi na saman shafi, ban sake ganinsa ba.

Kada ki riƙe Malam Ado a zuciya, dokata ya bi. Kada kuma ki ce al'adarmu ce ta cuce ki. Kunya abu ne mai kyau, ina so ki tafi da ita, ki kuma dawo da ita. Ita ta hana ni kiran sunanki, wannan na yarda. Amma ba kunya ce ta ce in zauna ana kiran 'yata mai satar amsa in yi shiru ba. Tsoron bakin mutane ne, na sa masa rigar kunya don in sami barci. A gida ke 'yar fari ce, a aji kuwa ɗaliba ce ke kamar kowa, kina da haƙƙin a gaya miki gaskiyar aikinki, kuma da 'yar wani ce ta rubuta wannan shafi da na kai ta gaban taron safe an tafa mata. Haƙƙinki na danne. Ina jin zafinsa, kuma ina tsoron tambayar da Allah zai yi mini a kai.

Jiya na je makaranta, na tarar da Malam Ado a ofis da waɗanda suke nan, na faɗa musu abin da ya faru kamar yadda na faɗa miki yanzu. Na zana musu motar da carbin a allo. Ya ce: "Haba Malama, ai da kin faɗa tun a lokacin." Gaskiya ya faɗa. Na kuma janye dokar, daga zangon nan za a koya wa yara hanya biyun duka.

To ga abin da kika tsaya a bakin madafa kina jira. Ba ki ɓata ko'ina ba. Zanenki daidai ne, hanyarki daidai ce, amsarki daidai ce, kuma ba ki leƙa ta kowa ba. Na koyar a Babura, na koyar a Kazaure, yara masu ƙoƙari sun wuce ta hannuna ba adadi, wasu likitoci ne yanzu. A cikinsu duka ban ga wadda ta gano wannan hanya da kanta ba sai ke. Kina da kan Fiziks, kin fi ni shi nesa ba kusa ba. Ina alfahari da ke, kuma tun ranar nake yi.

A jami'a za su koya muku wannan hanya da manyan sunaye da alamomi masu ban tsoro. Kada su firgita ki, carbin Kawunki ne aka sa masa kaya. Abin da zan ƙara miki kawai shi ne ki riƙe al'adarki ta rubuta inda kike tsaye a saman shafi, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. In wani malami ya soke aikinki alhali kin tabbata, ki same shi a ofis, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce ya nuna miki layin da ya karye. In ya nuna, ki gode. In ya kasa, kada ki ɗauka ke ce ba ki iya ba.

Ba zan tilasta miki zama a sashen injiniya ba, Abbanku ma na gaya masa kada ya yi. Idan kika gwada da zuciya ɗaya kika ga ranki ba ya so, ki sauya, ni zan fara sa miki albarka. Amma kada ki bar shi saboda shirun da na yi. Shirun nawa ne, ba shi da alaƙa da ƙwaƙwalwarki. Ki yafe mini don Allah. Ba sai kin ce komai ba in kin dawo hutu, na san da wuya mu iya haɗa ido a kan maganar nan, ni da ke.

Ki kula da salla a kan lokaci, ki kula da abin da kike ci, kada karatu ya sa ki wuni da yunwa kamar yadda kika saba. Inna ta aiko a gaya miki tana sa miki albarka, man shanun da ke cikin jakarki ita ta bayar. Ƙannenki suna gaishe ki tun kafin ki tafi. Allah Ya buɗa miki ƙirji, Ya ba ki malamai masu adalci, Ya tsare mutuncinki da lafiyarki, Ya raba ki da mugun ji da mugun gani. Allah Ya yi miki albarka duniya da lahira, Ya maido mana da ke lafiya.

Kuma idan malaminku ya yi tambaya a aji kika san amsa, ki ɗaga hannu. Shi ba mahaifiyarki ba ne, zai kira ki.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
Ummanku.